Rumbun da Aka Auna da Fensir

Ina tsaye ina kallon gara tana cin dawarmu da ke jibge a ƙasa a gindin rumbu.

Maigidana malamin gona ne, Turawa suka koya masa lissafi. Da fensir ya fitar da faɗi da tsayin rumbun da mahaifina zai gina mana a garin Kona, ya ce buhu talatin zai ci.

Baba ya ce, "Malam, lissafin nan na tsaba ne ko na zangarniya? Mu nan ba ma sussuka kafin mu zuba. A ƙara masa faɗi."

Dariya na yi, don a littattafan da nake karantawa mai ilimi ba ya kuskure.

Da aka gina shi bisa lissafin fensir, rabin dawar kawai ya shiga. Baba bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya aiko mana da hatsi.

Jama'a, da wane baki zan ba shi haƙuri?