Ƙarafan da Na Cire a Ƙarƙashin Gada

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Fartanya da lauje nake ƙerawa, kuma abin da nake samu yana riƙe ni da iyalina.

A bakin ƙauyenmu akwai tsohuwar gada, wadda kakanninmu suka yi wa dakon duwatsu tun zamanin Turawa. Wata rana da rani na shiga ƙarƙashinta shan inuwa, sai na ga wani rodi ya leƙo daga siminti. Na karya shi na kai maƙera. Ba wanda ya ce min komai. Bayan mako guda na dawo da zarto. Da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ce in kawo ko nawa ne, sai na shiga kwance notuna da ƙarafan da ke riƙe da ginshiƙai. Har masu tifa na nuna wa inda za su ɗebi yashi a gindin gadar, suna sallamata.

Matata ta taɓa tambayata, "Malam, wannan ƙarfen daga ina?" Na ce ta kula da girkinta.

A damina ta uku, ranar kasuwar Kibiya, ruwa ya zaizaye gindin ginshiƙi, gadar ta rufta da motar albasa. Direban, Malam Ilu, maƙwabcina ne. An ciro shi da rai, amma ya rasa ƙafar dama. Mutane suka ce tsufa ne ya kayar da gadar. Kwana tara abinci bai yi min daɗi ba, a na goma na kai kaina wurin 'yan sanda, na faɗa musu abin da na yi.

Da na fito daga gidan yari, gidan Malam Ilu na fara zuwa. Na durƙusa a zaure. Ya dube ni ya ce, "Na yafe maka tun ranar da ka faɗi gaskiya. Tashi, sandar ƙarfen da nake dogarawa ta lanƙwashe, ka gyara min."

Yau na koma maƙerata, alhamdu lillahi. Ƙarfen da na san asalinsa kaɗai nake saya, barcina lafiya lau. Da la'asar Malam Ilu yakan zo mu yi hira.

Samari, kada ku ce kayan jama'a ba shi da mai shi. Kafin ku taɓa, ku tuna ba ku san wanda zai bi ta kansa gobe ba.