Ranar da Aka Ɗauki Kiɗana Tsawa

Shekarun baya, cikin farin nan da har yau tsofaffinmu ke rage murya in hira ta zo kansa, ina saurayi a unguwar Zango, na bar makarantar sakandare ta lise ban gama ba, kuma ba abin da ke kaina sai gitar bas. Ita ce doguwar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda kan ji ta a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Ba tawa ba ce. Ta abokina ce, wanda ke kaɗa ta a wani ɗan orkes, ƙungiyar makaɗa mai zuwa bukukuwan ma'aikata a Damagaram, ni kuma ina maƙale da shi ina koyo.

Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, shi ne ya kawo mana kaset na kiɗan baƙaƙen Amurka da suke kira fank. Mai bas ɗin ciki ba jan tsirkiya yake yi da yatsu biyu yadda muka saba ba, marinta yake yi, sai mu ma muka sa wa abin suna mari. Za ka doki mai kaurin da gefen babban yatsa, daidai inda wuyan gitar ya ƙare, ta ce dum, sannan ka saƙala manuniya ƙarƙashin siririyar ka fizgo ka saki, ta faɗa kan ƙarfe ta ce tas. Hannun hagu kuwa aikinsa kashe sauti kafin ya yi tsawo. Abokina kullum yana faɗa mini ƙarfin ba a damtse yake ba, a wuyan hannu yake, kuma yatsa ya taɓa ya tashi kamar wanda ya taɓa murfin tukunya mai zafi. Ni dai wata shida ina jibgarta kamar mai sussukar hatsi. Yatsana ya yi kanta, sautin bai zo ba.

Lokacin iyaka a rufe take, tsirkiya ba ta samuwa ko ta magani. In muryarsu ta dushe sai mu kwance su mu tafasa, dattin hannu ya fita, su washe na 'yan kwanaki. Wata rana mahaifiyata ta buɗe tukunyarta ta tarar da wayoyi na tafasa a ciki, ta daɗe tana kallona, ta ce a shekarar da mutane ke neman abin sawa a tukunya, ni ƙarfe nake dafawa.

Tsakiyar damina ce a lissafi, amma sama ƙarau, ranar da ta aike ni ƙauyensu can wajen Guna, in kai wa ƙanenta, kawuna, rabin buhun jar dawa da muka samu. Ya zo daidai abokina ya yi tafiya ya bar mini bas ɗin da ƙaramin ampili, akwatin ƙara sauti mai aiki da batirin mota, na kwana goma. Na kasa rabuwa da su. Da ta ga ina ɗaure su ta ce gaisuwar yunwa zan je, ba biki ba. Na ce ai a ɗaki kawai zan taɓa, ba wanda zai ji. Na hau mota zuwa Mirriya, daga nan na bi amalanken jakin da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, da sumata tuli guda da wandona mai faɗin ƙafa, ina jin ni wani ne.

Na isa bayan hantsi na tarar da garin shiru. Matar kawuna ta karɓi dawar tana hawaye, ta nuna mini ɗakin da zan sauka, ta ce maza da tsofaffin mata da yara duk sun fita bayan gari roƙon ruwa, yau kwana na uku, ita ma bin su za ta yi. Da na leƙa gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Da ina da hankali da na juya rigata yadda masu roƙon ruwa ke yi na bi ta. Sai na ce a raina tunda ba kowa a gari, ga damar da zan buɗe ampili yadda nake so.

Abin haushin, a ranar ne abin ya zo mini. Ko gajiyar hanya ce ta sa hannuna ya saki, ban sani ba. Na doki mai kaurin sai na ji yatsana ya dawo da kansa, sautin ya fito cike, da ƙara a bakinsa, irin na cikin kaset. Na fizgi siririyar ta amsa. Ɗakin ƙasar nan ya riƙe sautin ya mayar mini da shi ta ƙafafuna. Na ƙure muryar ampilin, na rufe ido. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, ban kuma ji iskar da ta taso a waje ba.

Hasken da ya ragu a ƙofa ne ya sa na buɗe ido. Mutane ne cike da bakin ɗakin. Kafin in yi sallama an kama wuyan rigata an jawo ni tsakar gida, da gitar a rataye a wuyana, wani ya ɗauko ampili da batir ya dire a ƙasa. Dangar gidan ta kara ta kwanta saboda yawan masu shigowa. Rigunansu duk a juye, leɓɓansu a bushe don azumi suke yi, wasu da sanduna, wasu da hauya. Na ɗaga kai na ga sama ta yi fes, rana ta fito kamar ba a taɓa yin hadari ba.

Ba ihu suke yi ba, shi ya fi ba ni tsoro. Wani dogon mutum, ramamme, da wuƙa ɗaure a damtsensa, ya matso har ina jin numfashinsa. A hankali ya yi magana.

"Muna cikin addu'a muka ji rugugi. Muka ce tsawa ce, Allah ya amsa. Tsofaffi suka faɗi suna kuka. Sai muka ji tsawar tana da tsari, tana fitowa daga cikin gari. Muna juyowa iska ta kwashe hadarin. Me ka zo da shi cikin akwatin nan?"

Kawuna ya kutso ya tsaya gabana yana rantsuwa cewa ɗan yayarsa ne, abinci na kawo, yarinta ce da rashin sani. Wasu suka ce to a fasa akwatin a ga abin da ke ciki. Wasu daga baya suka ce ba akwatin ba, mai akwatin. Na ji wannan da kunnena. Na tuna labaran da ake yi a birni na garuruwan da aka kori masu kiɗa da duwatsu don sun hana ruwa sauka, labaran da muke yi wa dariya a wurin gwaji. Fitsari ya matse ni. Na soma karanta duk abin da na haddace, ina haɗa farkon wata sura da ƙarshen wata.

Sai wani tsoho da ke dogara sanda ya ce a dakata. Daga baya kawuna ya gaya mini shi ne makaɗin noma na garin, mai yi wa samari ganga a gayya, shekara biyu ke nan bai rataya ta ba don ba abin nomewa. Ya ce shi dai bai taɓa ganin abin da ya gagari ido da rana tsaka ba, a bar yaro ya kaɗa a gaban kowa. In itace ne da waya za a gani, in kuma da wani abu a ciki shi ma za a gani.

Aka buɗe mini fili kaɗan. Na haɗa waya, na doki tsirkiya. Abin da ya fito kamar an bugi buhun ƙasa. Tsoro ya sandarar da hannuna tun daga kafaɗa, yatsan ya sauka ya kwanta a kan tsirkiyar ya kashe ta. Na fizgi siririyar, zufa ta sa ta kuɓuce. Na sake, ya fi na farko muni. Gunaguni ya tashi. Suka ce ba wannan suka ji ba, ɓoyewa nake yi, abin cikin akwatin ya ƙi magana don ya ga mutane. Nan na gane inda nake: in ban kaɗa da kyau ba, sun tabbatar ba hannuna ne ya yi na ɗazu ba.

Tsohon ya matso ya kama wuyan hannuna na dama. Tafinsa kamar busasshiyar fata. Ya girgiza hannun sau biyu kamar mai kakkaɓe tsumma, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗan nan, ka riƙe numfashi. Sake shi. Kar ka dube su, dubi ƙafata."

Ya fara buga ƙafarsa a ƙasa a hankali, ya haɗa da tafa cinya. Na zuba wa tsagaggen dunduniyar nan ido. Na bar bugu huɗu suka wuce, na shiga a na biyar, ba da ƙarfi ba. Yatsan ya taɓa ya tashi. Sautin ya fito. Na ƙara, na amsa da siririyar, hannun hagu ya tuna aikinsa. Ba zan ce tsoron ya tafi ba, yana nan, amma hannun ya rabu da shi. Tsohon ya bar ni na ɗan yi nisa, sannan ya ɗora tafinsa kan tsirkiyoyin, komai ya ɗauke. Ya ɗaga, ya doki mai kaurin da nasa yatsan, akwatin ya ce dum. Ya juya ya gaya wa mutane cewa ga shi sun gani, shi ma ta amsa masa. Babbar tsirkiyar ganga ce, ƙaramar kuwa kazagi, Nasara ne kawai ya ɗaure su a itace ɗaya ya sa musu lasifika. Ya ce kiɗa ne, kiɗan ma bai gama nuna ba, yaron yana gaggawa. Liman daga gefe ya ce hadari na Allah ne, shi ke kawowa shi ke ɗaukewa. Na ga sanduna sun fara sauka.

Dogon mutumin bai motsa ba. Ya ce ya yarda kiɗa ne. Ya zare wuƙar daga damtsensa, na rufe ido na yi shahada.

"Shekaranjiya na binne 'yata a bayan dangar nan," in ji shi. "Ƙasar ba ta bushe ba."

Na ji an ja gitar, sai ƙara. Ya sa wuƙar ƙarƙashin babbar tsirkiyar ya murɗa da ƙarfinsa duka har ta tsinke daga gindi, bakinta ya zabge ni a bayan hannu. Ya mayar da wuƙarsa ya fita ta inda dangar ta kwanta. Ba wanda ya tare shi, ba wanda ya ce masa don me.

Kawuna ya ɗaure mini hannu da tsumma ya ce kar in kwana, zukata ba su gama sanyi ba. Na bar ampili da batir a ɗakinsa, na nannaɗe gitar cikin buhun da na kawo dawa, ya raka ni ta bayan gari. Da ƙafa na nufi Mirriya da la'asar, tsakanin gonakin da hatsi ya tsiro kamar tafin hannu ya ƙone a tsaye. Duk taku kaɗan sai na waiwaya. Kowane kututture mutum ne da wuƙa.

Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta tambaye ni sunan yarinyar da ta rasu, na ce ban tambaya ba. Ta ce to. Wannan "to" ɗin ya fi mini duka zafi. Abokina da ya dawo ya juya gitar ya duba, ya ce tunda da raina na dawo ba komai. Fiye da shekara muka yi muna kaɗa ta da tsirkiya uku. Ruwa ya sauka a ƙauyen bayan kusan mako biyu, kaɗan, bai tsinana komai ba. Kafin kaka rabin garin ya watse, kawuna da iyalinsa suka dawo gidanmu, shi ya zo mini da ampilin a kai. Tsohon makaɗin bai ga damina ta gaba ba. Dogon mutumin kuwa an ce ya yi kudu da sauran 'ya'yansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ranar da na tsira daga hannun mutanen ƙauye, ina ƙara gishiri, abokai na dariya. Na kuma daɗe ina cewa a ranar na koyi mari, gaskiya ne, don har yau in ɗalibi ya zo mini da sandararren hannu, numfashinsa nake fara dubawa kafin yatsansa.

Na daina ba da shi da dariya ne ranar da 'yata ta fari, tana da shekara uku, ta kwanta da zazzaɓin da ya sa idonta juyewa. Da azahar ne, ina riƙe da ita ina jiran uwarta ta samo mota, sai maƙwabcinmu ya ƙure rediyo, kiɗa mai daɗi, irin wanda ni kaina nake yi. Ban san lokacin da na ajiye ta na tsinci kaina a ƙofar gidansa da taɓarya a hannu ba. Bai san komai ba, bawan Allah, wanki yake yi yana gyaɗa kai. Na tsaya ina huci, sannan na jingine taɓaryar na yi sallama na roƙe shi ya rage. Ya kashe gaba ɗaya, ya bar wankin ya fita nemo mana mota.

Yarinyar ta tashi, yanzu ita ma uwa ce. Amma tun ranar, in na tuna mutumin nan, ba wuƙar nake gani ba. Ina ganin mutum ne da ya binne 'yarsa, ya yi azumi kwana uku, ya ɗaga hannu ya ɗauka an amsa masa, sannan ya tsaya gaban wanda ya yi masa haka da wuƙa tsirara, ga jama'a a bayansa, ya yanke waya. Ban san sunansa ba, ban san na 'yarsa ba. Ina sa su a addu'a haka nan, Allah ya san su.