Musayar Mai Lamba Tara

A shekarar da 'yan ƙwallon ƙasarmu suka fara zuwa gasar duniya na bar Badafi na koma Tiga. Matata ta rasu a daminar nan, ba mu da ɗa, ɗakin ya yi mini faɗi. Da aka gama girbi na ɗauki fartanyata na tafi noman rani a bakin dam. Daga gona sai masallaci, daga masallaci sai ɗakin da na kama. Wata rana nakan wuni ban ce komai ba sai amsa sallama.

Akwai teburin mai shayi a ƙarƙashin wata darbejiya. Ran Asabar da Lahadi bayan La'asar mutane kan taru a can, domin wani mai fataucin kifi yana kawo rediyonsa a ji ƙwallo. Na daɗe ina zama a ƙarshen benci kafin na gane abin da suke yi. Sun raba 'yan wasan da ake faɗa a rediyo a tsakaninsu. Kowane ɗan wasa yana da marfin kwalba da aka yi wa alama da ƙusa. In naka ya ci ƙwallo, mai shayi ya jefa maka ƙwallon tsamiya a gwangwaninka. Wanda gwangwaninsa ya fi nauyi a ƙarshen wata, shi ke zama a kujera mai majingini, guda ɗaya tak da ke wurin. Ba kuɗi a ciki. Amma na ga mutum mai furfura ya ƙi shan shayi saboda ɗan wasansa ya zubar da fanareti.

Rigimarsu kullum a kan musaya take. Wani ya ba da nasa ya karɓi na wani, bayan kwana biyu a ce an yi cuta. Wata rana tela da wani leburan ma'aikatar ruwa suna ta hayaniya, sai na ji bakina ya ce, “Ai sai ya yi masa ciko.” Duk suka juyo. Na gaya musu na taso ina bin kawuna dillancin awaki a kasuwar Kiru, kuma haka ake yi in an yi musayar akuya da akuya: a duba haƙori, a duba tafiya, wanda tasa ta gaza ya cika.

Mai rediyo ya tafa hannu. “Ashe muna da alƙali muna shan wahala! Matso nan, Alƙali.”

Daga ranar sunan ya bi ni. Ban karɓi ɗan wasa ko ɗaya ba, don kada a ce ina da ɓangare. A lokacin ban iya rubutu ba, duk a kai nake riƙewa: wane ne ke ci a gida kawai, wane ne ya fara tsufa, wane ne alƙalin wasa ke yawan kora. Masu musaya sukan ajiye marafansu a gabana, in tambayi kowa kamar yadda kawuna ke yi: “Akwai aibin da ka sani?” In an ce babu, in auna, in ce ya yi, ko in ce a cika.

Mai rediyo ya girme ni, ina ce masa Yaya. Shi ya fara jana gidansa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tuwon dawa da miyar kuka da kan kifi. Tun rasuwar matata ba wanda ya taɓa ce mini in ƙara sai shi.

Cikin masu marafan akwai wani Bafillatani daga wajen Burumburum, wanda ya kawo shanunsa kusa da ruwa a ranin nan. Muna ce masa Arɗo don tsokana. Ba ya da yawan magana, kuma gwangwaninsa ne ya fi na kowa rashin nauyi. Shi dai yana son ya ji an ambaci nasa a rediyo, ya yi murmushi ya gyara sandarsa.

Wata Lahadi Yaya ya fito da marfin wani dogon ɗan wasan Kano mai lamba tara, wanda ya fi kowa ci a shekarar.

“Arɗo, na gaji da ganin gwangwaninka kamar cikin mai azumi. Ba ni yaran nan naka biyu na gefe, ka ɗauki dogo.”

Tela ya ce, “Kai, yau mai kifi ya tuba!”

Arɗo ya dube ni. Na tambayi Yaya ko akwai aibin da ya sani. Ya ce, “Wane aibi? Ba jiya ka ji shi ya ci ba?” Na auna. Yaran biyu masu tasowa ne, amma ko an haɗa su ba su kai dogo ba. Na ce ya yi, har da rangwame. Arɗo ya ƙulle marfin a bakin rawaninsa.

Ranar Juma'a muna cin tuwo Yaya ya fara dariya shi kaɗai. Ya ce da safiyar Lahadin nan, bayan ya sauke kifi a Kano, ya biya ta filin da su dogo suke atisaye. A gabansa dogo ya faɗi yana riƙe da gwiwa, mutum biyu suka ɗauke shi.

“Wannan ya gama ƙwallon bana. Kai kaɗai na gaya wa, don kai nawa ne. Ƙara miya.”

Na ƙara miyar. Amma na ce, “Yaya, na tambaye ka.”

“Ka tambaya, na amsa. Wasa ne fa, Alƙali.”

Washegari rediyo ta ce dogo ba ya cikin masu bugawa, ya ji rauni. Arɗo ya ce ƙaddara ce, ko saniya takan karye a hannun mai ita. Ɗaya daga cikin yaran da ya bayar ya ci ƙwallo, Yaya ya miƙa gwangwani yana rawa da kafaɗa.

Makon nan ban ji daɗin gona ba. Ina ban ruwan tumatir ina auna maganar. A kasuwa, dabbar da ta kamu da ciwo bayan ciniki ta mai saye ce. Wadda aka sayar da ciwonta a ɓoye kuwa, komawa take yi. Ta kowane gefe na juya, a nan nake tsayawa. Na kuma san rediyon ta wane ce, da tuwon Juma'a. Sau biyu na sami Yaya a bakin ruwa inda yake sayen kifi, na roƙe shi ya warware musayar da kansa, ya ce ya sake shawara, ba wanda zai san dalili. Na farko ya yi dariya. Na biyu ya ce in bar shi yana ciniki.

Ran Asabar, kafin a kunna rediyo, tela ya kawo tasa musayar. Na buɗe baki zan tambaye shi ko akwai aibi, sai na ji tambayar ba ta da sauran amfani a bakina. Na ce a dakata, akwai musayar da zan warware tukuna. Na faɗi dalili a taƙaice, ban ɗaga murya ba.

Yaya ya ce, “Maganar da na gaya maka hannunka na cikin kwanona?”

“Na same ka sau biyu, Yaya.”

“To, alƙalin awaki, ji nan. Marfin kwalba ne! Dogon ya san da zamanka? Ya san da Arɗo? Manyan mutane da iyali mun zauna muna ƙirga ƙwallon tsamiya, har da shari'a!”

Ya zube marafansa a kan tebur, ya rataya rediyonsa ya tafi. Ba wanda ya bi shi, ba kuma wanda ya dubi ɗan'uwansa. Duk mun san marafan kwalba ne, amma ba a taɓa faɗa ba sai ranar.

Arɗo ya kwance bakin rawaninsa ya ajiye dogo a gabana. Yaransa biyu bai taɓa su ba. Ya ce a hankali, “Malam, ai na gane tun ranar da rediyo ta faɗa. Da ka bar ni da abina. Yanzu kowa ya ji an cuce ni.” Ya yi sallama ya bi hanyar ruga.

Mai shayi ya aro wata rediyo a mako na gaba, amma ba ta kamawa sosai. Tela ya zo sau ɗaya. Leburan ya koma sauraro a wajen aikinsa. Ni na ci gaba da zuwa har ranin ya ƙare, in sha shayina a ƙarshen benci in tashi. Ran Juma'a mukan haɗu da Yaya a ƙofar masallaci, in gaishe shi ya amsa da kyau, ya tambayi gona, ya wuce. Da ruwa ya sauka Arɗo ya kora shanunsa ya koma Burumburum, ban sake ganinsa ba.

Har yau in na auna musayar, hukuncin ɗaya nake samu. Abin da ya tafi kuwa ba shi da wuyar ƙirgawa: yamma biyu a kowane mako, gida ɗaya da ake ce mini in shigo, da mutum shida da suka san ina garin.