Sanduna Masu Kai Ɗaya

Shekarar da aka naɗa ni sakataren ƙungiyar manoman yankinmu na Kuyello, aka ce za a kawo irin masara na tallafi, amma sai ga waɗanda amfaninsu ya faɗi. Babana na cikinsu, don rabin gonarsa ta bakin daji ko girbe ta bai samu ya yi ba saboda 'yan bindiga. Aikina shi ne in kai wa ofishin masu rabon tallafin zane da zai nuna wa ya samu, wa ya rasa.

Na bi gida-gida na rubuta buhunan kowa. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke karatu a Kaduna ta turo mini wasu layuka na rubutun kwamfuta, ta ce in liƙa, in danna, sanduna za su fito, dogaye da gajeru. Ni ban fahimci ko layi ɗaya ba, amma na danna.

Sanduna suka fito kai ɗaya, kamar an yanke su da igiya. Na goge, na sake liƙawa, haka. Na zargi kwamfutar, na zargi zafin Birnin Gwari, har na kira yarinyar ina faɗa.

"Yaya, rubutun lafiya lau yake," in ji ta. "Ka duba takardarka."

Na duba. Goma, goma, goma. Da hannuna na rubuta su, amma gaisuwa da shan fura sun hana ni lura. Kaina ya ƙara ɗaurewa da na ga har Baba goma ya ce, alhali na san rumbunsa.

Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. "Baba, buhu huɗu fa ka samu. Ka bari in gyara, in ba haka ba babu iri."

"Wannan zanen naka, wa zai gani?"

"Mutanen ofis."

"Daga ofis kuma sai waya, daga waya sai daji. A masallaci muka yi shawara, kowa goma." Ya ɗago ya dube ni. "In ka gajarta tawa, ta maƙwabcina ta yi tsawo. Kana so a zo ɗaukarsa saboda buhun iri?"

Haka na kai zanen, ofis suka ce ƙauyenmu ba ya buƙata. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Damina ta zo, Baba ya shuka abin da ya kamata mu ci.