Yadda Harsashin Verlin Ya Raba Mu da Dajin Goggo

Verlin Stutler ɗan kawuna ne, kuma da ana mayar da dangi kanti yadda ake mayar da takalmin da ya matse ƙafa, da tuni na kai shi na aje musu a kan kanta. Tare muka taso a gindin dutse ɗaya, makaranta ɗaya aka sa mu. Ni na gudu tun ana tsakiya, shi ya ƙarasa, kuma har yau idan muka haɗu a ƙofar coci sai ya sami hanyar tuna mini. Aikinsa tuƙa motar share ƙanƙara ta ƙaramar hukuma. Wannan shi ake biyansa a kai, amma zuciyarsa tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa, inda yake haɗa harsashin farauta da hannunsa.

Duk mafaraucin kirki a nan yakan shiga kanti ya sayi kwali ɗaya ya yi shekara uku da shi. Verlin kuwa sai ya tsinto kwanson da aka harba, ya wanke, ya goge har ya fi zoben auren matarsa Glenna ƙyalli. Ya auna albarushi a ɗan sikeli yana riƙe numfashi. Idan ƙuda ya gifta ta ɗakin, sai ya zubar ya sake awo. Glenna ta taɓa yin atishawa a sama, ya yi kwana biyu bai yi mata magana ba.

Duk wannan ba zai dami kowa ba da ya tsaya nan. Masifar tana wajen ƙwayar da ake dasawa a bakin kwanson, wadda ita ce ke fita ta sami dabba. Akwai irin ta iyayenmu, gajeriya mai dalma a hanci, mummuna kamar babban yatsan ƙafa. Idan ta shiga barewa sai ta buɗe kamar laima, ta karya ƙashi ta wuce ciki, barewa ta faɗi inda kake ganinta. Akwai kuma irin ta masu gasar harbin takarda, doguwa siririya mai ɗan rami a hanci, ɓawonta kamar na albasa. Ita tafiyarta a iska ba ta da aibu, amma da ta haɗu da ƙashi sai ta tarwatse a waje. Verlin ya ga siririyar nan ya kamu, irin kamun da bai yi wa Glenna ba ranar aurensu.

Wata rana na sauka ɗakin na same shi yana ɗaga takarda a fitila. Harbi biyar, rami ɗaya, kwabo zai rufe shi.

Ya ce, "Hobart, zo ka ga abin da ba za ka taɓa yi ba."

Na ce, "Na gani. Yaya za a dafa ta, a soya ko a yi farfesu?"

"Jahilci dai bai sake ka ba. Naka na kanti, idan ka harba biyar, hula ba ta rufe su."

"Huhun barewa faranti guda ne, malam mai ilimi. Hulata ta shige ciki. Naka fa? Ya je ya mari dabba a kafaɗa ya ce mata sai an jima."

Ya nuna mini matakala da ɗan ƙarfen da yake awo da shi. Ban tafi ba sai da na ci rabin burodin masarar Glenna.

Dajin da muke farauta na Goggo Ozella ne, ƙanwar mahaifinsa da mahaifiyata, wadda duk dangi Goggo muke ce mata. Dutse guda ne da rafi da tsofaffin itatuwan tuffa, da ɗan ɗakin katako da kakanmu ya gina, inda muke taruwa duk kaka idan an buɗe farauta. Naman wannan daji shi muke adanawa a kwalabe a gidajenmu, mu ci har bazara. Goggo tsohuwa ce ƙarama, iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta, amma na ga ta kori bijimi da cokalin miya.

Tana da doka ɗaya tun zamanin mijinta. Duk wanda ya harba ya kuskure, sai ya tsaya a kicin ɗinta gaban kowa ta yanke masa wutsiyar riga da almakashin ɗinki. Ƙyallayen nan take haɗawa ta ɗinka bargo. Rabin bargon nan rigunana ne, har akwai shekarar da na koma gida da abin da bai kai cibiya ba. Na Verlin ko zare babu. Yakan shafa bargon ya ce, "Tarihin dangi ke nan, kuma ba na ciki."

Gaskiya ne ba ya kuskure. Sai dai tun da ya koma wa siririyar ƙwayar nan, barewarsa ta daina faɗuwa. Ya harba, ta yi tsalle, ta shige kurmi da rauni, mu bi jini har ya ƙare. A shekarar farko karen Goggo ya jawo mata ƙafa guda har bakin ƙofa. A ta biyu ita da kanta ta sami wata a bakin rafin da shanunta ke sha, da rai, kafaɗa a buɗe tana wari, ta kasa tashi. Goggo ce ta ƙarasa ta.

Da kaka ta zagayo, ta tara mu a kicin kafin a buɗe farauta. Ba ta ba kowa kofi ba, nan muka san akwai magana.

Ta ce, "Wasu mutanen birni sun zo sau biyu suna son in ba su hayar dutsen nan. Na ce musu ina da 'ya'ya. To ku ji. Wanda ya kuskure, riga ce kawai. Amma aka sake raunata dabba aka bar mini ita a daji, zan kira su. Verlin, da kai nake."

Ya ce, "Goggo, ba laifin harsashi ba ne. A bara iska ce ta..."

"Ban tambaye ka iska ba. Ka sa irin na ubanka."

"Irin na Baba ai kamar jifa da dankali ne."

"Da dankalin ya ciyar da ku har ka yi wannan ƙaton wuyan."

Na ɗauka maganar ta shige shi. Har kwalin ƙwayoyi masu dalma na saya na kai masa, na ajiye a kan teburinsa. Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya auna ta, ya auna wata, ya ce nauyinsu bai zo ɗaya ba. Bambancin bai kai gashin gira ba. Ya zuba su a gwangwanin ƙusoshi.

Ranar buɗe farauta an yi 'yar ƙanƙara. Hantsi ya ɗaga, ina zaune a gindin itace ina cin wake mai sanyi, sai na ji ƙarar bindigarsa daga wajen itatuwan tuffa. Kowa ya san ƙararta. Harbi ɗaya. Na jira in ji ihunsa na fahariya, shiru. Na tashi na gangara.

Na same shi a durƙushe yana duba ƙasa. Ga gashi a warwatse, ga ɗan ɓallin ƙashi, ga jini ɗigo-ɗigo kamar an yanke yatsa. Wani namijin barewa ne mai manyan ƙahoni da yake yi wa gadi tun bara, wanda a bakin Verlin ya kai doki, a idona kuwa ya kai jaki.

Na ce, "Wace ƙwaya ka sa?"

Ya ci gaba da duba ƙasa.

"Verlin, wace ƙwaya?"

"Na same shi daidai kafaɗa. Ko da allura ba za a fi haka ba."

Muka bi sawu. Muka hau, muka sauka, muka ratsa ƙaya har wandona ya zama raga. Jinin ya yi ta raguwa, a kan duwatsun bayan rafi ya ɗauke gaba ɗaya. Muka yi ta zagaye kamar karnukan da mura ta kama har rana ta karkata. Dabbar tana tafiya da ƙafa uku, kuma ta fi mu sauri.

A hanyar komawa na tare shi. Na ce, "Tsaya ka ji, ɗan kawu. Kowa ya ji harbin, ba a ɓoye shi. Goggo za ta tambaya. Ka ce reshe ya tare, ka kuskure. Ta yanki riga, mu ci abinci, gobe mu dawo da kare mu nemo shi. Riga ce kawai."

"Ban kuskure ba."

"Na sani, kai ma ka sani, barewar ma ta sani. Goggo ce ba sai ta sani yau ba. Dutsen kakanmu ne, Verlin. Naman yaranka ne."

Ya dubi takalminsa, sannan ya gyaɗa kai. Na rantse ya gyaɗa.

Kicin ya cika da dangi, an jingina bindigogi a baranda, tukunyar wake tana tafasa. Goggo ta dube mu, ta dubi hannunmu babu jini.

Ta ce, "Na ji harbi wajen tuffa. Na wa?"

Verlin ya ce, "Nawa ne, Goggo."

"Ina naman?"

Ya zare wutsiyar rigarsa daga wando a hankali, ja ce mai layi-layi, ya juya mata baya. Dorsey, mijin ƙanwarsa, ya ajiye cokali don kada ya rasa komai. Goggo ta jawo almakashi daga aljihun gaba.

A nan Verlin yake cewa laifina ne, kuma ƙarya yake. Ni abin da na ce kawai shi ne, "Goggo, yanko babba, a sa shi tsakiyar bargo kusa da nawa, su san juna." Wannan magana ce? Dorsey ne ya yi dariya har wake ya fito masa ta hanci, amma ba a taɓa ɗora masa laifi ba.

Almakashin ya taɓa rigar. Verlin ya fizge ta ya juyo, wuyansa ya yi ja ya fi rigar.

Ya ce, "Kada ki yanka. Ban kuskure ba. Ban taɓa kuskure ba. Na same shi inda na nufa, ga shaida." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɓallin ƙashin nan ya aza a tebur kusa da kwanon gishiri. Ashe tsinta ya yi ya adana.

Goggo ta dubi ƙashin. Ta ce, "Yana ina yanzu?"

"Ya haye bayan rafi."

"Da rai."

"Zai mutu, Goggo. Harbin mai kyau ne."

"Da wace ƙwaya?"

Sai ya soma yi mata bayanin yadda ƙwayar ke yanka iska, da abin da masu gasa suke cewa. Ta bar shi ya yi nisa, ta mayar da almakashin aljihu, ta kashe wutar tukunya.

Ta ce, "Ku ci a gidajenku. Ku kwashe kayanku daga ɗakin katako kafin Lahadi."

Dorsey ya yi roƙo, Glenna ta zo da kuka washegari, ni na yi tayin ta yanke rigata duka har da hannaye. Goggo ba ta ko ɗago kai daga ɗinkinta ba. Mun koma da kare kwana biyu, ba mu sami komai ba sai inda ya kwanta ya tashi. Kafin mako ya zagayo an buga allunan hana shiga a kowace bishiya ta bakin titi. Yanzu a dajin gwamnati muke farauta, inda mafarauta suka fi barewa yawa, kuma idan ka yi tari sai mutum uku su saita ka.

Ranar kwashe kaya, murhun ƙarfe na kakanmu ya rage, kuma babu mai ɗaga shi sai mu biyu. Shi ya kama gaba yana tafiya da baya, ni na kama baya. Muka sauko matakala muka doshi a-kori-kurarsa. Yana haki, gumi na ɗiga daga hancinsa, sai ya ɗago ya dube ni ta saman murhun.

Ya ce, "Amma Hobart, kai ka ga wurin. Faɗi gaskiya, da tazarar nan, wa zai sa shi daidai kafaɗa in ba ni ba?"

Sai hannuna ya gaji, murhun ya sauka a kan ƙafarsa. Likita ya ce yatsu biyu ne suka karye, amma ni na ji ƙarar uku.