Jinjiri Mai Garma

Almustapha ya shekara talatin yana ƙera garmar shanu a kasuwar Batsari, amma kowa Jinjiri yake kiransa, laƙabin da kakarsa ta sa masa. Da zai sa shagonsa a intanet, sai ya rubuta "Almustapha Tayyib da 'Ya'yansa". Ya ce wai ya fi kama da kasuwanci. A ransa kuwa, so yake ko waya ta girmama furfurarsa.

Damina ta matso. Ƙungiyar manoman Safana ta yi ta neman "Jinjiri mai garma" a waya, shiru, har suka fara zancen wani maƙerin. Labari ya iske yayarsa Hansai, ta zo maƙera.

"Kai Jinjiri, wa ya san Almustapha ban da limamin da ya raɗa shi?"

"Haba Yaya, da jikokina?"

"Su ma Kaka Jinjiri suke cewa in ka juya baya."

Dariya ta ƙwace masa. Ya ciro waya ya canza sunan. Ranar kasuwa sai ga kiran shugaban ƙungiyar. Almustapha ya ɗauka, ya ɗaga murya, duk layin maƙera na ji: "Eh, Jinjirin ne da kansa! Guda nawa kuke so?"