Tiren da Ban Fitar Ƙofar Gida Ba

A saman gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda akwai wani ɗaki na katako da langa-langa, ba komai a ciki sai tabarma da randa. Baba ne ya kafa shi da hannunsa, kuma ba don alhazai ba. Na mutanenmu ne da suka fito daga sijin, wato gidan yari, ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu. Mutum ya yi wata biyu ko uku, ya samu aiki, ya ba wani wuri.

Amma Baba ya sha gaya mini ɗakin ba komai ba ne, tire shi ne magana. Ranar da mutum ya fito, bayan azahar, sai Baba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a idon kowa, a fito da babban tire na shinkafa da kifi, su sa hannu tare. Umda, mai unguwarmu, zai biyo ta nan, ya tsuguna ya ɗauki loma ɗaya ya wuce. Halas, shi ke nan. Daga ranar, duk askari, wato ɗan sanda, da ya zo tambaya, umda zai ce, "Namu ne, ga gidan da yake." Yawancinmu haihuwar Jidda ne, amma babu iƙama, wato izinin zama, babu takarda ko ta ƙunshe gyaɗa. Wanda ba a tsaya masa ba, jirgin ruwan korar baƙi ne makomarsa.

Baba ya rasu ina ɗinki a wani shago a kasuwar Balad, kuma ina neman aure. Uban yarinyar mai sayar da turare ne, mutum mai ji da kansa. Wata rana ya dube ni a gaban jama'a yana dariya ya ce, "Kai ne ɗan gidan da ɓarayi ke cin abinci a ƙofa?" Wallahi na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya a kusa, sai dai maimakon in huce a kansa, na ɗauko abina na kai gida.

A makon ne aka sako wani ɗan dako na tashar jiragen ruwa. Ba ɓarawo ba ne. Shugaban aikinsu ya zagi mahaifiyarsa, shi kuma ya karya wa shugaban muƙamuƙi, ya yi shekara biyu a sijin. Kafin ya fito tsohuwar ta rasu, an kuma rushe rumfarsu. Yaya nake ce masa, domin shi yake saɓa ni a wuya ina ƙarami in ga jirage.

Ya tsaya a ƙofa da ƙunshin kayansa, duk ya rame, ya yi mini ta'aziyyar Baba. Na ba shi makulli. Da azahar ta yi, Inna ta ce, "Ga tire nan, ɗauki ka fita."

Na ce, "A zuba masa a kwano, zan kai masa sama."

"Kai! Ubanka haka ya yi?"

"Inna, ɗaki na ba shi, abinci na ba shi. Sai na yi shela a titi? Haba!"

Ta zuba. Na hau da kwanon, har na sa masa kifin da ya fi girma, wai ni mai kirki. Na same shi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa guda ɗaya, ya wanke hannu yana jiran a kira shi ƙasa. Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya ce, "Shukran, ɗan'uwa." Ina saukowa na hango umda ta taga, ya rage tafiya a ƙofarmu, ya ga babu tabarma, ya wuce.

Kwana uku ina kai kwano. Kullum ina ce wa kaina Juma'a zan fitar da tiren, in maganar auren ta ɗan zauna. Ran na huɗu da safe na tarar da ɗakin a share, kwanon a wanke a kife, makulli a kansa.

Kuma kun san abin da na yi? Fushi na yi! Na sauko ina faɗa, wai ya yi mini butulci. Inna ta ce, "Rufe mini baki. Sijin ka mai da masa ɗakin, abinci ta ƙofa."

Ya koma kwana a gindin buhuna a tasha. Ba a yi sati biyu ba aka yi kame, aka haɗa da shi. An zo wurin umda, ya ce bai ga an ci abinci da shi a gidan kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kafin labari ya iso ni a shago, in ruga tasha da allura a jikin rigata, jirgin ya tashi zuwa Sudan. Mutumin da bai taɓa taka ko'ina ba sai Jidda da Makka, Hausarsa ma rabi Larabci ce.

Auren an yi, ba zan ɓoye ba. Tire kuma na fitar da shi ga mutane da yawa bayan nan, har gidan ya bar hannunmu. Bai wanke ni ba, kunyar tana nan har yau.

Bayan shekaru, wani alhaji da ya biyo ta Sudan ya nemo shagona. Ya ce ya ga wani ɗan dako a can, tsoho, yana tari, ya ba shi saƙo. Na ajiye almakashi, na shirya jin zagi, da ma shi nake so.

Alhajin ya ce, "Ya ce a gaida Inna. Kai kuma ya ce in gaya maka abincin ya yi daɗi."